Doyar Kumandan

Ƙanena Idi, mai dafa wa kumandan abinci a Filinge, shi ya kawo mini wani irin shuka a ƙullin tsumma. Ya ce sunansa bilet. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, na ce, "Kai, tahi can! Ni za ka koya wa shibka?"

Na shuka shi bayan ɗaki, kusa da randa. Ganye ya fito fato-fato, mai farin kara. Ni kuwa na yi tunani irin na manya: abin da ya yi wannan ganye a sama, Allah kaɗai ya san girman doyar da ke ƙasa. Don kada ganyen ya shanye mata ƙarfi, sai in tsinke in watsa wa akuyata. Ya sake tohowa, in sake tsinkewa.

Ranar tono na gayyato surukata da matan unguwa, na ce kowace ta zo da ƙwarya. Har tukunya na ɗora. Na ɗauki hauya cikin isa na yi ta haƙa, sai ga wata 'yar saiwa kamar wutsiyar ɓera.

Surukata ta ɗaga ta, ta jujjuya. "Ɗiyata, wagga za mu raba, ko da saura a ƙasa?"

Ana haka Idi ya shigo, ya riƙe baki. "Yaya, ai ganyen ake ci! Ina ganyen?"

Duk muka waiwaya. Ga akuya kwance, ta yi ɓul-ɓul, tana tuƙa abinta.

Har yau in na kai wa surukata tuwo, sai ta leƙa kwanon ta ce, "Namu ne, ko Madam mai ƙaho ta riga ta ɗanɗana?"