Fasinjar Mota Mai Lamba Sha Huɗu

Zan gaya muku yadda wata tsohuwa ta samu ɗaki a sababbin gidajen tasha, amma don Allah maganar ta tsaya a nan. Ke Uwale, ke nake tsoro, cikinki ba ya riƙe zance. Kuma kada wadda ta tambaye ni sunan tsohuwar, ni ban sani ba.

Kun san filin nan na hukumar motocin gwamnati, bayan tsohuwar tasha, inda suke jibge motocinsu da suka mutu? To a cikin ɗaya take zaune, wata doguwar bas mai lamba sha huɗu. Tun shekarar da ruwa ya rushe mata ɗaki ta tare a ciki, ita da jikarta. Ta cire kujerun baya ta shimfiɗa tabarma, ta rataya buhuna a tagogi. Wajen zaman direba nan ta ajiye tukunyar ɗanwaken da take sayarwa. Tayoyi sun nutse a ƙasa, kabewa ta haye rufi, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Wallahi ko ruwan Agusta ba ta yoyo sai ta bakin ƙofa. Haka dai na ji ana faɗa.

Rannan sai hukuma ta ce za ta kwashe matattun motocin ta gina wa talakawa gidaje masu araha a filin. Aka kafa tebur a gindin dalbejiya ana rubuta suna. To su mutanen mota ne, komai nasu irin na lodi ne. Ɗan kamasho suka sa kiran layi, yana dukan tebur kamar jikin mota yana ihu, "Saura mutum uku! Saura uku gida ya cika!" Dokarsu kuma, fasinjojinsu kaɗai za a ba. In ba ka nuna tsohon tikiti ba, kama gabanka. Mutane suka yi ta tonon ƙarƙashin katifa. Wani har da leda guda ya zo, rabi ɓera ya ci.

Tsohuwa ko guntun tikiti ba ta da shi. Ga shi an ce ranar Asabar za a zo a ja motar. Ita da yarinya da kaji, ina za su? Ta yafa mayafi ta shiga layi. Jikar kuwa ta riƙe mata gefen zane tana cewa, "Kaka, mu koma, wallahi 'yan sanda za su kira mana." Kaka ta buge min hannu. Ta buge mata hannu nake nufi.

Mai rubuta sunan Malam Sallau ne, manajan tasha, mai tumbi da biro uku a aljihu. Kullum sai ya aiko an zubo masa ɗanwake da yaji da yawa, amma ranar ya ɗaure fuska kamar bai taɓa ganinta ba.

Ya ce, "Iya, tikiti."

Ta ce, "Babu, ɗan nan."

"To gidan na fasinjojinmu ne. Matsa gefe, na baya ya zo."

"Ai ni ma fasinjarku ce."

Layi ya kwashe da dariya. Malam Sallau ya ajiye biro ya gyara hula, ya ga ya samu abin wasa.

"Ikon Allah! Wace motarmu kika taɓa hawa, Iya?"

"Lamba sha huɗu. Ga ta can. Zanena ne a shanye a kan madubinta."

"Haba Iya, ki ji tsoron Allah! Wannan da ba inji, ba sitiyari? Tun ina kwandasta rabonta da motsi. Gaya wa jama'a, wane gari kika taɓa zuwa a cikinta?"

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara goron da ke kumatunta.

"Ni za ka tambaya, ɗan nan? Ni dai na shiga na kama kujera. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jiran ku turo direba."