Yadda Hulunan Manya Suka Cinye Littafina

Yau da hantsi na shiga layin mai a Birnin Kebbi da kwali biyu na littafi ɗaure a bayan babur. Na tsaya har gumi ya jiƙe mini riga. Da aka zo kaina, mai tiyo ya ce mai ya ƙare. Ban gama juya babur ba sai ga wata baƙar jif ta shigo ta ƙofar fita, nan take man ya dawo. Allah ya ƙara wa manyanmu lafiya, har fetur ya san fuskarsu. Ni ma na san fuskar mai jif ɗin, domin tana nan cikin kwalin da nake turawa, tana murmushi a littafin da na rubuta da hannuna.

Ni Dikko a aji huɗu na firamare na tsaya, sauran karatuna a ruwa na yi shi. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Kalilu na Argungu, shi ya koya mini su, wato kamun kifi: yadda ake riƙe ragar homa, yadda ake kwanciya kan gora, yadda ake gane inda giwan ruwa yake ba tare da an gan shi ba. Da na ga yaran yanzu ba su iya bambanta tarwaɗa da kurungu sai a cikin miya, sai na ce bari in rubuta. Na shekara da shekaru ina ja da biro. Babi guda na ware wa Kawu shi kaɗai, kuma na je har gida na ce masa, "Kawu, sunanka zai shiga boko kafin ka bar duniya." Ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, amma wannan maganar bai manta ba. Duk zuwana sai ya tambaya.

Aka haɗa ni da wani Taufiq a unguwar Badariya. Allon shagonsa ya ce kamfanin ɗab'i ne na ƙasa da ƙasa. A ciki akwai injin hoto guda, da fanka mai ƙara, da kujerar da ake tallafa wa da bulo. Duk na gani da idona. Amma yana miƙo mini hannu ya ce, "Barka da zuwa, Farfesa." Jama'a, a nan na faɗi. Mutumin da malamin aji huɗu ya kora saboda jadawalin sau bakwai, yau ga shi Farfesa. Na sayar da shinkafar fadamata na kawo masa kuɗin, tare da rubutun, kwafi ɗaya tilo, ban ko tsaya an ɗauki hoton rubutun ba.

Muka yi magana kan yawan shafi, aka yanke. Sai ya ce littafi a garin nan ba ya fita tsirara, dole a sa masa shafukan gaisuwa: kowane babba shafi guda, da hotonsa da saƙonsa na fatan alheri, ranar ƙaddamarwa kuma su kwashe littafin. Na ce to. Ban tambayi daga ina shafukan za su fito ba.

Haka na shiga zagayen ofis-ofis ina roƙon hotuna. Na je wurin Mai Girma Sarkin Yanke Kirtani, wanda ya buɗe famfon unguwarmu da tankar ruwa a ɓoye bayan katanga. Na je wurin Barden Za-a-duba, wanda ya yi wa masunta alkawarin injin jirgi tun gemuna yana baƙi. Na je wurin Shugaban Kwamitin Binciken Kwamitin Baya. A gaskiya mutanen kirki ne. Takardar neman taki takan shekara a teburinsu, amma hoto a ranar ake ba ka, har a tambaye ka ko kana son na zaune ko na tsaye. Babu wanda ya ce mini littafin a kan me yake. Ɗaya dai ya aiko a tambaya ko hularsa za ta fito da kala.

Daga baya na ji ashe Taufiq yana bi ta bayana yana karɓar nasa a wurin kowa, har ya ƙaro wasu manyan da ban taɓa jin sunansu ba. Da na ce a nuna mini aikin kafin a buga, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Haba, Farfesa da kansa zai zauna duba aikin yara?" Na gyara wuyan riga na tafi gida.

Makon jiya aka yi ƙaddamarwa. Manyan ba su zo ba, sun aiko wakilai, wakilan ma wasu sun aiko nasu. Kowa ya buɗe littafi, ya nemo hoton maigidansa, ya rufe. Mai jawabi ya yaba wa littafin sosai, ya ce zai kawo ci gaba a harkar noman albasa. Ni ma sai a nan na fara buɗe shi. Hula, hula, rawani, hula. Kowane babba da ya shiga, babi guda ya fita. Abin da ya rage nawa gabatarwa ce da rabin bayanin tarwaɗa, ya tsaya a tsakiyar magana.

Na koma Badariya in karɓi rubutuna na hannu. Taufiq ya ce ruwan sama ya shiga shago ya lalata shi. A watan da ko gajimare ba a gani ba. Yanzu kuma ya daina ce mini Farfesa, ya koma "Malam, mi ne kuma?"

Maƙwabcina Zulkifli mai shayi ya jujjuya littafin ya ce, "Dikko, wanga ai kalanda ta. Sa mata kwanan wata mu rataya."

Na ce, "Ka san wahalar da na sha kuwa?"

Ya ce, "Na sani. Amma ka ce littahin kihi ne, kuma ga manyan kihaye nan reras. Mi kaka so kuma?"

To duk mai rubutu ya ji daga bakin wanda ya riga shi faɗawa. Kada ka ba kowa rubutunka sai ka ajiye wani a gida. Kada a buga sai ka karanta shafi-shafi, ko da bin layi da yatsa kake yi irina. Kuma duk wanda ya ba ka muƙamin da ba ka yi karatunsa ba, riƙe aljihunka.

Yau ɗin dai, da na rasa mai a layi, na sayi na 'yan bumburutu na kama hanyar Argungu, don Kawu ya ji labarin an buga, ya aiko har sau biyu. Na same shi kan tabarma a zaure.

Ya ce, "Ɗan nan, an kawo? Karanta min wurina."

Taufiq bai ko wahalar da kansa ya gyara shafin abubuwan da ke ciki ba. Sunan Kawu yana nan, da lambar shafi. Na buɗe wurin. Wani ƙaton mutum ne cikin babbar riga, wuya ninki uku, yana yi wa al'umma fatan alheri.

Na dubi Kawu, ya karkato kunne. Sai na kafa wa ƙaton ido na fara karatu da ka. Na karanto ranar da Kawu ya fito da giwan ruwan da sai da aka kira maza suka ɗaga. Na karanto yadda ya tsamo ni ta ƙeya lokacin da gorata ta fashe. Yana ta gyaɗa kai, har ya gyara mini sunan wani gurbi a kogi, ya ce masu bugu sun yi kuskure.

Da na gama ya ce in miƙo. Ya kawo shafin dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga ni ne?"

Na yi tari.

Ya ce, "Lalle boko na da albarka. Tun da nike ban taɓa aje wuya irin wanga ba." Ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin matashi. "In ka koma, ka ce su aiko min da hular."

Na ce zan faɗa. Gobe zan kai wa Barden Za-a-duba maganar, na tabbata za a duba.