Yadda Ake Tsayar da Yoyon Mai a Injin Jirgi Ba Tare da An Ji Kunya Ba

Shekara shida na yi a waje ina karatun injinan jiragen ruwa. Da na dawo sai na tarar ba a buƙata. Abin da ke ƙasa wajen Kawuna mai jirgi na koya. Bi shi daki-daki, na yi maka alkawari ba wanda zai ƙara raina injinka.

1. Musanta

Fetur na ɗiga daga inda tiyon tanki ke shiga inji. Wani zoben roba ne a ciki, bai fi na yatsa girma ba, ya tsufa ya tsage. Kada ka faɗi haka. Fasinja ya ce yana jin warin fetur, ka ce, "Da turare ka so ji?"

2. Kunyata mai karatu

Ɗan ƙanwarka zai zaro sabon zobe daga aljihu, ya ce aikin minti biyu ne. Yi masa yadda Kawu ya yi mini. Ɗaga zoben kowa ya gani. "Jama'a, shekara shida, ga tsarabar! Injiniya, injin nan ya girme ka." Bari a gama dariya, sannan ka mayar masa.

3. Sabulu

Shafe mahaɗar da sabulun wanki. Sabulu na riƙe fetur muddin ruwa bai taɓa shi ba. A kan ruwa kake, amma kada ka zurfafa tunani.

4. Ɗaure

Yanko robar tayar keke, zagaya sau goma sha biyu, ja da haƙori. Fetur zai narkar da ita, amma daga baya. Inji mai ɗauri shaida ce mai shi yana kula.

5. Loda

Ɗora kwando takwas na tumatirin matarka, duk noman raninta ke nan. Motar mai saye na tashi daga ƙetare ƙarfe goma, ba ta dawowa sai mako. Za ta ce, "Malam, ka tabbata?" Ka ce, "Hau."

6. Tsakiyar ruwa

Inda mai ke fita, nan iska ke shiga. Inji zai yi tari sau uku ya mutu. Ja igiya. Zagi mai fetur. Ƙara ja. Za ka ji motar tana hon a ƙetare, ka kuma ji matarka: "Ja a hankali, Malam. In ta tashi, kai za ka cinye kwando takwas ɗin nan, ina zaune ina kallo."

7. Gyara

Juya wa fasinjoji baya. Miƙa wa Injiniya hannu ta ƙasa, kada ka dube shi. Kwance roba, cire tsohon zobe, jefa shi ruwa, sa sabo. Yanzu muhimmin wuri: mayar da robar keken a kai, sau goma sha biyu. Ja igiya sau ɗaya, zai tashi. Juyo ka ce, "Kun gani? Ɗauri ne ya saki."

Mun iske motar, direba ya riga ya sa giya. An loda tumatir. Wani fasinja ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, zauna ka koyi aiki wajen kawunka." Tun ranar masu jirage uku sun kawo wa Kawu tiyonsu ya ɗaure.

Gargaɗi

Tumatirin da ya ruɓe, jirgin da ya kama wuta, matar da ta daina magana, babu hannuna a ciki. Hanyar nan ba ta aiki sai da ɗan ƙanwa mai zobe a aljihu. Nawa zoben guda ɗaya ne, yana ƙarƙashin robar Kawu.