Tsuntsun Wuyan Riga

"Lafiya lau, sai dai na ji an ce mijina ya karye, shi ne na zo in kwashe kayana tun kafin a fara nuna ni a titi."

Kaka ce ke maganar, tana dogare da sanda a ƙofar shagon jikanta. Ni shagon takalmana na jikin nasa, ya roƙe ni in taya shi kwance kantoci, don ranar ce ta ƙarshe. Shekara huɗu yana sayar da rigunan da yake zanawa da kansa a wurin, har ya lura masu saye ta waya sun ninka masu shigowa, sai ya yanke shawarar ya rufe, ya ci gaba da fitar da kayansa daga ɗakin ɗinki kawai. Ni dai ban ga abin kuka ba, shago na huɗu ke nan da na ga an rufe a layinmu.

"Ba karyewa ba ce, tsohuwa, ci gaba ne. Ke ce ma kika kore min mutane. Mace ta shigo ta ga fuskarki, sai ta tuna inda za ta ƙare, ta fasa kwalliyar."

"Tela, ka kiyaye ni."

"Ni ba tela ba ne, mai zanen kaya ne."

"To mai zane, dubi wandonka, ya ɗage kamar za ka tsallake kwata."

Haka suka yi ta yi ina kwance kusoshi. Ta ce masu motoci ta ƙi ta zaɓe shi, ga sakayyar da ta samu. Ya ce mutum-mutumin nan uku marasa kai da ke jikin gilashi sun fi ta amfani, ba sa shan shayi, ba sa gyara wa kwastoma zama. Ta ce ai su ma ganin fuskarsa kullum ne ya sa kawunansu suka gudu.

Amma idonta na kan kujerar robar da ke gindin taga. A nan take zama kowace safiya tana ɗinka tambarinsa a wuyan riguna da hannu, wani ɗan ƙyalle mai hoton tsuntsu. Tun rasuwar mijinta na gaskiya, wannan aikin ne ke sa ta yi wanka da wuri ta ɗaura ɗankwali ta fito. Uwar yaron ta gaya mata cewa a ɗakin ɗinkin akwai sabon keken da ke manna tambari kafin ka ƙifta ido. Tsoron a sallame ta ne ya kawo ta, kuma ba za ta taɓa faɗa ba.

Ta ɗauki gwangwanin allurarta ta cusa a jaka. "Na ji ka yi sabon keke. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ya buɗe wani kwali ya zaro riguna uku ya shimfiɗa a kan teburin yanka. Ya ce makon jiya ya gwada keken a riguna goma, ga uku an dawo da su, masu su sun rantse jabu aka aika musu.

Kaka ta ce, "Me ya same su?"

"Tsuntsun na tsaye da ƙafafunsa. Ke kuwa shekara huɗu kina ɗinka shi kai ƙasa. Da farko ina binki ina farkewa, har na gaji. Yanzu mutane da shi suke gane kayana."

Ashe idonta ya daɗe da daina rarrabe hoton, da yatsa take lalubo gefen da ya fi kauri ta ɗauka shi ne sama. Kunya ta kama ta, har ni sai da na ji ba daɗi, na mai da hankali kan kusar da ke hannuna.

Can ta gyara tsayuwa. "Da gangan na yi."

"Kaka."

"Da gangan. Na ga ɗinkin ba shi da abin kallo, na ce bari in taimaki marayan Allah."

"Uwata da ubana na raye."

"Ba su koya maka ɗinki ba, ai maraici ne."

Ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce ya sallama, ta ci. Ya ɗauko leda cike da tambari ya ɗora mata a hannu, ya ce ɗakin a ƙasa yake, babu matakala, kuma kujerarta ce za ta fara shiga mota. Ta ce za ta yi shawara, don ba ta rasa manema ba.

Da ya fita da kujerar, sai ta jawo hannun rigata ta miƙo min tambari ɗaya, ta rage murya.

"Mai takalma, ɗora min yatsa a kan kan tsuntsun nan in riƙe wurin. Kada wata rana in yi kuskure in ɗinka shi daidai."