Rasuwar Inna, Uwar Kwamfutocin Malam Basiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, Malam Basiru na makarantar koyon kwamfuta da ke bayan kasuwar Yelwa yake sanar da rasuwar Inna, ranar Juma'a da yamma, bayan shekara uku tana hidima.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ba ta da allo ko madannai nata na kanta. A cikin babbar kwamfutar ofis take zaune. Ita ce uwar da Malam Basiru ya yi wata guda yana shiryawa, ya zuba mata duk abin da ɗalibi ke buƙata. Kowace Litinin sai ya ciro 'ya'ya goma sha biyu daga jikinta, wato kwafinta, kowanne kamar an tsaga kara, ya raba wa ɗalibai su jagwalgwala. Ranar Juma'a ya goge su, ita kuwa tana nan tsaf.

Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa gajiya da haihuwa ba, ko da Malam ya gaji. Iyakar maganarta idan aiki ya kammala, 'yar ƙarar "tiling" ce kawai.

Ba ta yi jinya ba, gaskiya ɗaya ce. Malam Basiru ya wuni a tsaye cikin zafi, ya zo goge 'ya'yan, hannunsa ya haɗa da uwar. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Kwafin ajiya da yake cewa zai yi gobe, shekara uku ke nan goben ba ta zo ba.

Ta rasu ta bar Malam Basiru, da malaman firamare goma sha biyu daga Shanga da za su fara darasi jibi Litinin. Ta kuma bar ɗa guda ɗaya tak, a Wara, hannun Dogo mai gyaran injin jirgin ruwa.

Dogo tsohon ɗalibi ne mai taurin kai. Da aka ba shi tasa kwamfutar, sai ya ƙara girman rubutu kamar na allon talla, ya cika ta da hotunan injuna, ya ɗora hotonsa a fuskar allon yana dariya riƙe da ƙaton giwan ruwa. Da Juma'a ta zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, wagga tawa ta, ba mai taɓa ta." Malam Basiru ya kira shi mai ɓata tarbiyya a gaban aji. Dogo ya kwashe abarsa a faifan kwamfuta, ya tafi bai yi sallama ba.

Yanzu wannan ɗa da aka so gogewa shi ne magaji. Daga jikinsa za a ciro na Litinin, in mai shi ya yarda, don ba lokacin shirya wata uwar.

Ba za a yi jana'iza ba, babu gawa. Zaman makoki gobe Lahadi ne a bakin ruwan Wara, ƙofar rumfar Dogo, inda Malam Basiru zai tsuguna ya ba da haƙuri. Ana roƙon masu ta'aziyya, idan suka shigo aji ranar Litinin, suka ga Dogo da kifinsa a kan allo goma sha biyu, su yi gaisuwa su wuce.