Takardar Malam Bunu

"Ya ruwa, uwargida?" in ji Badamasi, cikin wasan jika da kaka.

"Ruwa ya yi gyara," in ji Falmata, don haka ake amsawa ko da ya cinye wa mutum gida. "Ya gyara min ɗaki biyu da rumbu, ya wuce da su Gashuwa. Kai ne dai har yau ba ka gyaru ba."

Ranar Juma'a ce bayan an sauko, kwana ashirin da uku da kogi ya fasa jingar ƙauyensu. Iyalai goma sha ɗaya aka sauke a ƙaramar sakandaren da ke kan tudu. Goma sun watse gidajen dangi a Haɗeja da Malam Madori. Saura Falmata da akuyarta, a aji biyu, ajin da jikanta Badamasi ke koyar da Turanci a matsayin malamin wucin gadi. Ran Litinin masu duba malamai za su zo su zauna a bayan aji su ga yadda yake koyarwa, kuma da abin da suka gani za a yanke ko a tabbatar masa da aiki ko a sallame shi. Shugaban makaranta, Malam Bunu, ya ba shi takarda da safe: kafin la'asar ɗin Lahadi ajin ya zama babu kowa. Takardar na aljihunsa, ninki huɗu.

Bai fito da ita ba. Sai ya kwance igiyar shanyar da aka ɗaura a ƙusar allo, ya goge allon, ya ce ya zo gwajin darasi ne, tunda ga ɗaliba kyauta.

"Ɗaliba mai haƙori uku," ya ƙara da cewa.

"Huɗu. Mijin da bai san adadin haƙoran matarsa ba shi zai koya wa 'ya'yan mutane lissafi?"

"Turanci nake koyarwa."

"Shi ya sa cefane ya gagare ka. Turanci ake zubawa a miya?"

Ya yi rubutu layi biyu, ya nuna akuyar da alli, ya karanta mata: The goat eats. The goats eat. Ya yi mata bayani a hankali, kamar yadda ya shirya yi wa yara, cewa a Turanci dole mai aiki da aikinsa su yi jituwa. In mai aikin ɗaya ne, sai a liƙa wa aikin ɗan harafi a ƙarshe, kamar wutsiya. In suna da yawa, a cire.

Ta ajiye faifan da take tsintar shinkafa. Ta sa ya maimaita, ya maimaita.

"Wato in mutum shi kaɗai ne a ƙara masa kaya, in yana da jama'a a sauke masa."

"Ba haka ake nufi ba."

"Haka ake nufi. Ashe Bature ma ya san zaman duniya. Da na ɗauka cokali kawai ya iya."

Ya ce akwai sauran ƙa'idoji shida, har da ta abin da ake kira da suna ɗaya alhali taro ne, irin garke ko iyali. Ta ce wannan ya bar shi, ita ta ga yadda iyali ke komawa mutum ɗaya cikin kwana ashirin, ba sai an rubuta mata a allo ba. Daga nan ta koma kan wuyansa, wai kamar na zalɓe. Ya koma kan zanenta, wai tun zamanin sulalla aka saya. Ta ce da ba don ita ta yi jinyarsa da ƙyanda ba da yanzu ko sunansa an manta. Ya ce da gangan ta yi, don ta san babu mai kwasar ta sai shi. Duk wannan yana yi hannunsa na komawa aljihu yana fitowa wayam.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta. "Ka goge allon nan sau uku. Fito da abin da ke cizon ka."

Ya fito da ita. Bai karanta ba, ya dai faɗa mata abin da ke ciki, da batun Litinin, da cewa Kawu Sunusi ya share mata ɗaki a Haɗeja, mai siminti, kusa da famfo.

"To. Yau ga mijin da ya kawo wa matarsa takarda hannu da hannu. Ko ɗan aike ba ka samu ba?"

"Ba ni na rubuta ba, Kaka."

"Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa."

Ta miƙe da ƙyar ta tafi taga, ta kira shi. Daga nan ana hango ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kan shinkafar mutane duk ya nutse, sai kawunan itatuwa jefi-jefi. Ta nuna masa wata goruba mai reshe biyu, wadda ke bakin ƙofar gidanta. Kullum da hantsi tana duba inda ruwa ya tsaya a jikinta. Jiya ya sauka kamar taki ɗaya. A Haɗeja me za ta duba, katangar maƙwabta?

"Mai shekaruna in aka kai shi birni, ba ya komowa da ƙafarsa. Ka san haka, Sunusi ma ya sani."

Badamasi ya dubi takardar da ke hannunsa. Shekara uku yana jiran Litinin ɗin nan. Ya buɗe baki zai ce zai roƙi Malam Bunu a bar shi ya yi darasin a gindin bishiyar maina, duk da ya san amsar da zai samu, sai ta riga shi.

"In suka kore ka, wa zai aure ka ban da ni?"

"Babu."

"Ni kuwa na gaji da miji marar albashi." Ta karɓi takardar, ta juya ta sama a ƙasa, ta ƙura mata ido kamar mai karatu. "Saki nawa ka yi min a nan?"

Ya dube ta. Idonta ya kawo ruwa, amma bakinta ya fara motsi.

"Ɗaya ne," ya ce.

"Ka tabbata? Malaman Turanci ba su iya ƙirga ba."

"Ɗaya tak. Akwai kome. Ranar da gindin gorubar nan ya fito, ni zan zo biko da kaina, in ɗauko ki a Keke Napep har ƙofar gida."

"Da akuyar."

"Akuyar a gaba, ke a baya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta kwance bakin zane, ta ciro goro guda ɗaya da ya fara yanƙwanewa, ta ɓare, ta miƙa masa ɓari mafi girma.

"Ungo, marar mutunci. Je ka samo buhu. Tukunyar kuma ni zan riƙe, ban yarda da hannunka ba."