Yadda Na Kashe Jarumin Rahila

Ni ba mai kallon fim ba ne, mai karatu ne. Saboda haka da Rahila, 'yar ajinmu da na daɗe ina jin nauyin yi wa magana, ta gayyace ni gidan yayarta a unguwar Parkchester ranar masoya don mu kalli wasan kwaikwayon Koriya mai dogon zango da take so, sai na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na karance labarin kaf a intanet, har da sharhin masu sharhi.

Na isa da fure a hannu, dusar ƙanƙara a kafaɗa. Ana zuba shayi na gyara murya, na ce a ganina an yi gaggawar kashe jarumin a kashi na ƙarshe.

Rahila ta ajiye kofinta. "Mutuwa zai yi?"

"Kashin ƙarshen ta ƙi kallo, wai sai ka zo," in ji yayarta. "Sannu da aiki, Malam."

Muka kalla shiru kamar masu zaman makoki, har ya mutu yadda na faɗa.

Rahila ta yafe mini. Yayarta kuwa, har yau in na je gidan, ko katun aka kunna wa yara sai ta leƙo ta ce, "Malam, wa zai mutu? Faɗa mana mu tanadi hawaye."